RUWA AMANA NE A HANNUNMU: Nasiha ga Samarin Musulmi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Ubangijin sama da ƙasa, wanda Ya ke shayar da mu ba don mun biya Shi ba, Ya ke kuma shayar da dabbobinmu da shuke-shukenmu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari. Wa'azinmu na wannan karo a kan ruwa ne. Wani zai ce, "Haba Malam, duk matsalolin da ke damun al'umma a rasa abin da za a yi wa'azi a kansa sai ruwa?" To, ka ɗauko littafin fiƙihu ko wanne ka ga dama, ka buɗe sashen ibada. Kafin a koya maka salla sai an koya maka tsarki, kafin a koya maka tsarki sai an koya maka hukuncin ruwa. Abin da malamai suka fara da shi bai kamata mu mai da shi wasa ba.

RUWA BA NAMU BA NE

Allah Ya sanar da mu a cikin Suratul Anbiya'i cewa daga ruwa Ya yi dukan abu mai rai. A cikin Suratul Mu'minuna Ya bayyana cewa da gwargwado Ya ke saukar da shi, Shi ne Ya zaunar da shi cikin ƙasa, kuma Yana da ikon tafiya da shi. A cikin Suratul Waƙi'a Ya tambaye mu ko mu ne muka sauko da shi daga girgije, Ya kuma tuna mana cewa da Ya so da Ya mai da shi mai zartsi. Suratul Mulki kuwa, wadda da yawanku ku ke karantawa kowane dare, da tambaya ta ƙare: in ruwanku ya faƙe cikin ƙasa, wa zai kawo muku wani?

Masana sun auna, sun ce kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya ruwan teku ne mai gishiri, ba ya shawuwa, ba ya noma. Ɗan ragowar kuma mafi yawansa ƙanƙara ce a can ƙarshen duniya da kan manyan duwatsu. Wanda hannun ɗan Adam ke iya kaiwa gare shi a koguna da tafkuna da rijiyoyi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ka ji ma'anar gwargwado ke nan.

Ba sai mun je wata duniya neman misali ba. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Ƙasashe huɗu ke ci daga gare shi: Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. Bandar kifin Baga har Kudu a ke kai ta. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, na 1983 da 1984 ya biyo baya. Kafin tsakiyar shekarun 1980 abin da ya rage na buɗaɗɗen ruwa bai kai kashi 1 cikin 10 na da ba. Garuruwan da ke bakin ruwa suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa, masunci ya koma noma a inda ya ke jefa taru. Daga baya Allah Ya mayar da wani sashe na ruwan, amma bai koma kamar yadda kakanninmu suka san shi ba. Tafkin da ba a hango gaɓarsa ya janye haka, to, rijiyar gidanku fa?

MUDUN NABI DA FAMFON MASALLACI

Mu fara daga inda mu ke zuwa sau biyar kullum. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Anas ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana alwala da mudu guda, yana wanka da sa'i guda zuwa mudu biyar. Wannan mudu shi ne mudun Nabi da mu ke awon zakkar fid-da-kai da shi, watau cikin tafi biyu na matsakaicin mutum. Bai kai lita guda ba. Sa'i kuwa mudu huɗu ne. Da wannan mafificin halitta ya ke tsarki, kuma babu wanda ya fi shi cika alwala.

Yanzu ka tsaya a bakin famfon masallacinku ka yi kallo. Saurayi zai murɗe famfo har ƙarshe, sa'an nan ya fara naɗe hannun riga. Ruwa na zuba yana cire agogo. Ruwa na zuba yana gaisawa da abokinsa. In kana shakka, ka tara bokiti a ƙarƙashin famfon ka yi alwalarka yadda ka saba, ka ga abin da zai taru. Mu ɗauka masallaci mai mutum 200, kowa ya ɓarar da lita 3 a kowace alwala. A salloli biyar lita 3,000 ke nan, watau jarka 120 mai cin lita 25. A rana guda fa! Alhali a bayan masallacin akwai tsohuwar da ke lissafin kuɗin jarka ɗaya kafin ta kira mai ga-ruwa.

Ya tabbata cewa Annabi (S.A.W.) ya wanke gaɓɓai sau ɗai-ɗai, ya wanke sau bi-biyu, ya wanke sau uku-uku. Ya kuma bayyana cewa wanda ya ƙara a kan uku ya munana, ya ƙetare iyaka. Akwai kuma labarin da a ke yawan kawowa, na Sa'adu da Annabi ya gan shi yana kwarara ruwa wajen alwala ya hana shi, ya nuna masa cewa akwai almubazzaranci a alwala ko da a bakin kogi mai gudu a ke yin ta. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma ma'anarsa ta dace da abin da ya inganta. Malam Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ma, a cikin Risala wadda a ke karantawa a kowane zaure, ya lissafa ƙarancin ruwa tare da kyautata wanki a cikin sunna, ya kira ɓarna da shi wuce-gona-da-iri kuma bidi'a.

Ku lura da wannan kalma, ya ku samari. Mu ne masu ɗaga murya a kan bidi'a. To, ga wata nan a bakin famfonmu, muna yin ta sau biyar a rana, muna tsammanin taƙawa ce. Wanda ke wanke ƙafa sau bakwai saboda wasiwasi bai fi Annabi tsarki ba. Shaiɗan ne ke wasa da shi. Maganin abin buta ce. Ka zuba abin da zai ishe ka, ka rufe famfo, ka koma gefe.

WANDA YA ƁATA RUWAN JAMA'A

Annabi (S.A.W.) ya hana yin fitsari a ruwan da ke tsaye, wanda ba ya gudu. Wannan yana cikin Buhari da Muslimu. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal cewa an gargaɗe mu da wurare uku da bayan gida a cikinsu ke jawo wa mutum tsinuwa: mashayar jama'a, da tsakiyar hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Ka duba, mashaya aka fara ambata.

Yau kuwa me mu ke gani? Mutum zai gina shadda kusa da rijiyar maƙwabcinsa, katanga kaɗai ta raba su, alhali ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30. Ƙazanta ba ta san katanga ba, ta ƙarƙashin ƙasa ta ke bi. Wani zai jira hadari ya haɗo, ruwa na fara sauka ya juye shararsa cikin lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Ina za ta? Gidan wani Musulmi za ta. Ledar fiya-wata ta toshe kwatoci, kududdufan da kakanni suka bari suna haɗiye ruwan sama an cike su da shara an yi gini a kai, sa'an nan in ruwa ya shigo ɗaki a ce ƙaddara. A Kano, kogin Jakara da ya ratsa birni ya zama magudanar ƙazanta, ruwan majemu da masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa ya daɗe yana gangarawa cikin koguna, kuma da irin wannan ruwa waɗansu ke ban-ruwan latas da kabejin da mu ke saye. Manomi kuma ya gama feshin maganin ciyawa ya wanke tankinsa a rafin da ƙauyen gaba ke sha. Wani ma don ƙeta guba ya ke zubawa a tafki don kifi ya taso.

A fiƙihu mun karanta cewa ruwan da najasa ta canja launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa, ba a tsarki da shi. Ke nan wanda ya ɓata ruwan gari ya taɓa sallar mutane kafin ya taɓa cikinsu. Cikin kuwa ba ya tsira. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Ba iska ba ce, ba maita ba ce. Ƙwayar cuta ce da ke fita daga bayan gidan mai ciwo ta shiga ruwan sha. Ajali gaskiya ne, amma wanda ya zama sanadi za a tambaye shi.

Kada kuma wani ya ce ba ta gyaruwa. Ku tambayi iyayenku labarin kurkunu. A ƙidayar da aka yi a 1988 zuwa 1989 an samu mutum fiye da 650,000 masu ita a Nijeriya. Da damina, lokacin noma, sai ka ga majiya ƙarfi a kwance ana naɗe tsutsa a tsinke. Da me aka kawar da ita? Ba allura, ba ƙwaya. Tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwo tsoma ƙafa a tafkin sha, da haƙa rijiyoyi, da 'yan sa-kai masu bi gida-gida. An ga ta ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Da ikon Allah, da kuma hannun mutane irinku.

HAƘƘIN NA ƘASA A KAN NA SAMA

Ga wani babi da mutane da yawa ba su san shari'a ta yi magana a kansa ba. Zubairu ɗan Awwamu, Allah Ya yarda da shi, ya yi jayayya da wani mutumin Madina a kan magudanar da su ke shayar da dabinonsu. Gonar Zubairu ce a sama. Annabi (S.A.W.) ya umarci Zubairu ya shayar, sa'an nan ya saki ruwan ga maƙwabcinsa. Imamu Maliku kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin da Annabi ya yi a kan kwaruruka biyu na Madina, Mahzuru da Muzainibu: na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya sake wa na ƙasa. A cikin Muwaɗɗan dai, Sayyidina Umaru ya tilasta wa Muhammadu ɗan Maslama ya bar magudanar Dahhaku ɗan Halifa ta ratsa gonarsa, tun da ba ta cutar da shi. Ke nan na sama yana da haƙƙin fara sha, amma haƙƙin yana da iyaka.

Mu kawo wannan hukunci gida. Kogin Kano da kogin Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Shi kuma ya gamu da na Jama'are, su malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, su wuce Gashuwa, su zama Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa. Babu mai musun alherin da aka samu: tumatir da shinkafa da alkamar Kadawa da Kura, da ruwan famfon birnin Kano. Amma na ƙasa fa? Ambaliyar shekara-shekara da ke jiƙa musu fadama su shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa, shanu su sami ciyawar rani, ta ragu ƙwarai. Ga kuma ɗan ruwan da ke gudu rani da damina ya ba ciyawar kachalla dama ta toshe magudanai, wani gari ruwa ya cinye gonakinsa, wani garin kuma ko ɗigo bai samu ba. Inda ruwa da ciyawa suka ƙaranta, a nan manomi da makiyayi da masunci ke fara zare wa juna ido.

Ba muna cewa gina madatsa haramun ba ne. Annabi Yusufu ya koya mana tanadi a shekarun wadata saboda shekarun fari. Abin da mu ke cewa shi ne, madatsa amana ce, kuma mai riƙe da makullinta zai amsa tambaya a kan na ƙasa. Zai kuma amsa tambaya a kan gyaranta. Alƙur'ani ya ba mu labarin mutanen Saba'u a ƙasar Yaman da madatsarsu da ta ɓalle bayan sun butulce. Mu kuma a Satumban 2024 mun ga madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shafe babban sashe na Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Cikinku akwai injiniyoyin gobe da ma'aikatan hukumar ruwa na gobe. Kuɗin gyaran madatsa in ya shiga aljihu, da rayukan mutane ya shiga.

Kai ma mai ɗan injin ban-ruwa a bakin rafi, hukuncin Zubairu ya hau kanka. Ba ka da ikon datse rafi da buhunan yashi ka bar gonar ɗan'uwanka tana ƙonewa.

RIJIYA TA BAYAR, GUGA YA HANA

Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi abokan tarayya ne a abu uku: ruwa, da ciyawa, da wuta. Cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar ƙiyama, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslimu, akwai mai rarar ruwa a kan hanya da ya hana matafiyi. Wannan bai haramta sana'ar ga-ruwa ba, domin wanda ya ɗebo ya turo kura, guminsa ya ke sayarwa. Mai rijiyar burtsatse ma yana iya karɓar abin da zai sayi mai ya yi gyara. Amma wanda ya ga famfon gari ya ɗauke ya ninka kuɗi, ko ya kori marayan da ya zo da bokiti ɗaya, ya ji tsoron Allah. Ya kuma sani tafkin da ke ƙarƙashin ƙasa ba na gidansa ba ne shi kaɗai. In ya bar tanki na ambaliya, rijiyar maƙwabcinsa ya ke tsotsewa. A ƙasar Borno akwai rijiyoyin burtsatse da aka haƙa tun wajen 1960, ruwa na ɓulɓulowa da kansa ba inji. Da yawa aka bar su suna kwarara dare da rana, har ƙarfinsu ya ragu, waɗansu suka daina.

Ku dubi magabata. Rijiyar Ruma a Madina sayar da ruwanta a ke yi, Sayyidina Usmanu ya saye ta ya bar wa Musulmi, gugansa kamar gugan kowa. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi sadakar da ta fi don mahaifiyarsa da ta rasu, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya. Zubaida matar Haruna Rashidu ta kashe dukiyarta ta jawo wa alhazai ruwa zuwa Makka da Arfa, sunanta na nan a kan aikin har yau. An ma gafarta wa wani saboda ya shayar da kare. Wanda ke son yi wa iyayensa abin da zai riske su a kabari, ga hanya.

IN RUWA YA ƘI SAUKA

Idan damina ta makara, waɗansu kan koma yanka wa tafki ko gindin tsamiya, wai a roƙi mutanen ɓoye. Waɗansu su tafi wajen mai duba. Wannan shirka ce, ba kuma ta saukar da ɗigo ɗaya. A Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Annabi (S.A.W.) ya bayyana wa sahabbai cewa mai jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mumini, mai jingina shi ga tauraro kuwa ya kafirce wa Ubangijinsa. Sunna ita ce a tuba, a mayar da haƙƙin mutane, a yi sadaka, a fita fili da ƙanƙan da kai a yi raka'a biyu, liman ya juya mayafinsa, a roƙi Allah Shi kaɗai. Sauraron masu hasashen yanayi don sanin lokacin shuka ba laifi ba ne, awo ne da ƙiyasi, Mai saukarwa kuwa Allah ne. Amma da wane ido za mu ɗaga hannu muna roƙon ƙari, alhali wanda aka ba mu jiya mun bar shi yana bin kwata?

ABIN DA MU KE NEMA GA SAMARI

Na farko, kowa ya koma alwala da buta, ya gwada mudun Nabi ko sau ɗaya don ya san inda ya ke.

Na biyu, samarin kowane masallaci su fitar da mutum biyu masu kula da famfo da tanki. Kan famfon da ke ɗiga a canja shi a makon. Ruwan alwala a yi masa hanya zuwa gindin itatuwa, kada a haɗa shi da na bayi.

Na uku, in kun ga bututun gari ya fashe a kan titi, ku kai rahoto hukumar ruwa, ku sake komawa har a gyara. Wanda ya fasa bututu don ya ja ruwa a ɓoye, ku gaya masa sata ce.

Na huɗu, kafin damina ku yi gayya ku yashe lambatun unguwa. Rijiyar unguwa a ɗaga bakinta, a yi mata murfi, a ware mata guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa.

Na biyar, ku sauke wa iyayenku mata da ƙannenku nauyin ɗiban ruwa. Abin kunya ne ƙato yana zaune a majalisa, ƙanwarsa ta rasa makaranta tana layin famfo.

Na shida, mai halin karatu ya karanci ilmin ruwa da na ƙasa da na noman rani da niyyar ibada. Farilla ce ta kifaya, in babu masu yi duk mun shiga laifi.

Ya Allah Ka shayar da mu ruwa mai albarka, wanda ba ya rushe gida, ba ya cinye gona. Ka sa mu cikin masu godiya da baki da aiki. Ka shiryi shugabanninmu su tsare amanar da ke hannunsu. Ka shayar da mu daga tafkin Annabinka ranar ƙishirwa babba. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.